Ranar Da Na Faɗi A Hankali

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta ma dangi ba za su bari ba, da wata Juma'a da na tara mutanen gidanmu a gaban talabijin don su ga gwanintata. Sun kuwa gani.

Abin ya faru ne shekaru kaɗan kafin yaƙi, lokacin da in ka ɗaga ɗan jirgin ɗaukar hoto sama a garinmu Gadarif, ba abin da zai biyo baya sai mutane su ɗaga kai suna murmushi. Ina aiki a wani shagon waya a kasuwa, ina canza gilashin da ya fashe, ina zuba wa mutane karatu da waƙoƙi a memori. A gida kuwa sunana "muhandis". Duk wanda wayarsa ta yi gardama ni yake nema (ban taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba, amma ban taɓa gyara wa kowa kiran ba).

Kakana na wajen uwa yana da gona a Simsim, wadda shi ya share dajinta tun yana da ƙarfinsa. Shekara uku ke nan ciwon gwiwa ya hana shi zuwa, don hanyar ba ta tsoho ba ce, mota sai ta girgiza maka ƙashi ɗaya bayan ɗaya kafin ka isa. Ɗansa, Kawu Sale, shi ke riƙe da gonar. A shekarar damina ta yi kyau, riɗi ya yi yadda aka daɗe ba a gani ba, duk wanda ya dawo daga can sai ya zauna yana ba Kaka labari. Kawu ya turo hotuna a waya, amma ba abin da ke ciki sai karan riɗi guda biyar da rabin babban yatsansa.

Wata rana da la'asar Kaka yana kishingiɗe a kan angarib ɗinsa, wato gadon igiya, ƙarƙashin rumfa, ya ture wayar ya ce, "Kowa sai ya ce min ta yi kyau. Ni idona nake so ya gani."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Kaka, ni zan kawo maka gonar har kan gadonka. Daga sama za ka gan ta, kamar shirwa."

Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ɗin? To, mu gani."

Ina da aboki, Muntasir, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa. Shi ke da diron, wato ɗan jirgin nan mai farfela huɗu da kyamara a ƙasan hancinsa. Kwana biyu muna fita bayan gari yana koya min tashi da sauka, har na iya. Da zai ba ni jakar, sai ya buɗe saitin kyamarar ya nuna min lambobi biyu. Ta farko ita ce yawan ɗigon da ke cikin hoto, wadda ke sa ya fito tas ko ya fito dishi-dishi: akwai 1080, akwai 4K da ya ninka shi huɗu. Ta biyu ita ce hotuna nawa kyamarar ke ɗauka a daƙiƙa ɗaya: talatin, sittin, har ɗari da ashirin.

Ya ce, "A ina za a kalla?"

Na ce, "A talabijin ɗin Kaka."

Ya ce, "Tamam, ya yi. Na sa maka 1080 da talatin. Kar ka taɓa komai, ya zol, mutumina. Ka tashi, ka ɗauka, ka sauka."

Na ce masa to. A raina kuwa na ce, ɗan biki ne, ina ya san aikin fim? Don kwanakin nan biyu na cinye su ina kallon Turawa a intanet suna shawagi a kan duwatsu masu ƙanƙara, kowa yana cewa 4K, 4K. Na kuma ga yadda suke sa ɗari da ashirin don motsi ya koma a hankali, ruwa yana zuba kamar zuma. Hikimar ita ce, in ka ɗauki hotuna ɗari da ashirin a daƙiƙa aka nuna su talatin-talatin, abin da ya faru a daƙiƙa ɗaya sai ya ci daƙiƙa huɗu. Na fahimci wannan sarai. Ina so ku riƙe cewa na fahimta, don kar wani ya ba ni uzurin jahilci.

Ranar Laraba muka tafi da Kawu Sale a motarsa mai buɗaɗɗen baya. Ni na sa farar jallabiya na naɗa rawani, da baƙin tabarau (zuwa gona fa, a tsakiyar yankan riɗi). Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗaurin aure za mu?" Na ce masa mai ba da umarni a fim dole a gane shi daga nesa.

Wanda ya tarbe mu shi ne Baba Adamu, wakilin gonar. Dattijo ne siriri marar yawan magana, ya fi shekara ashirin yana tsaye a kan aikin Kaka. Makullin rumbun kayan abinci da buhuna yana rataye a wuyansa da igiya, ko wanka zai yi ba ya cirewa.

Da sassafen Alhamis na ɗaga jirgin. Wallahi har yanzu in na tuna abin da na gani a fuskar wayar da aka haɗa da jirgin sai tsigar jikina ta tashi. Jirgin na yin sama gonar ta baje, ruwan ɗorawa da kore har inda ido ya ƙare, layin masu yanka kamar an ja zare, bayansu kuma damman riɗi da aka jingina a tsattsaye suna shan rana. Na yi ta ihu ni kaɗai. "Kawu, zo ka gani! Baba Adamu, ga ka can, ɗaga hannu!" Masu yanka suka ɗago suna dariya suna miƙa lauje sama. Kafin in tashi dama na riga na mayar da saitin zuwa 4K, don gonar Kaka ta wuce 1080. Batir biyu na ƙarar a haka, na bi iyaka gabas da yamma, na kewaya tafkin da ake tara ruwa, na dawo.

Da na sa batir na uku, na ƙarshe, sai dabara ta zo min. Zan ɗauki lauje yana sarar kara a hankali, na daƙiƙa biyar kacal, irin na fim. Na danna ɗari da ashirin. Kyamarar da kanta ta sauko zuwa 1080, don ba ta iya haɗa 4K da wannan gudun. Na ɗauki laujen. Ya yi kyau. Sai murna ta ɗebe ni na ci gaba da shawagi a kan ma'aikata, na ratsa ta kan bishiyar da Kawu ke zaune yana shan shayi, na manta shaf ban mayar da saitin ba. A fuskar waya komai yana tafiya daidai, ba abin da zai tuna maka.

Batir ya fara kuka, na juyo da jirgin yana fuskantata zan sauke shi. Ina ja da baya ina kallon waya, ina ja da baya. Duk wanda ya san baƙar ƙasar Simsim ya san yadda take dardarewa in ruwa ya ɗauke. Dunduniyata ta faɗa cikin tsaga, na tafi ta baya, na zube a kan damin riɗi, ƙafafu a sama. Allah ya taimake ni jirgin ya tsaya cak a iska yana jirana. Na tashi da sauri na waiga. Kawu na can nesa, ma'aikata sun ba ni baya. Baba Adamu ne kaɗai a kusa, yana tsaye da rawanina a hannu.

Na ce, "Baba Adamu, don Allah..."

Ya kakkaɓe rawanin ya miƙo min ya ce, "Ban ga komai ba, ɗana."

Juma'a da safe muka dawo gari, har da Baba Adamu, don zai sayi gari da sukari da busasshen kifi na ma'aikata ya koma washegari. Ni kuwa tun a hanya na fara buga waya. Na kira ƙannen Umma, na kira 'ya'yan Kawu, na kira maƙwabta, na ce bayan Juma'a kowa ya hallara gidan Kaka, akwai fim. Na biya shago na juye fayilolin a filasha. Ban buɗe ko ɗaya ba. Wai so nake in ga abin a karon farko tare da jama'a, in ji daɗin mamakinsu.

An ci abinci, an fito da talabijin tsakar rumfa, an jawo waya daga ɗaki. Kaka a kan angarib an tokare masa baya da filo, maza a kan tabarma, mata daga gefe, Umma na ta raba jabana, gahawarmu, ƙamshin citta ya cika wurin. Na miƙe na yi jawabi. Na yi bayanin 4K, na ce ɗigo sama da miliyan takwas ne, ko ƙwayar riɗi ce ta faɗi sai Kaka ya ƙirga ta. Aka yi min tafi. Na soka filasha, na zaɓi fayil na farko.

Fuskar talabijin ta yi baƙi. Wani ɗan rubutu ya fito cewa ba ya iya buɗe wannan fayil.

Na ce, "Ɗumi yake yi." Na danna na biyu. Haka. Na uku, na huɗu, na biyar, duk haka. Talabijin ɗin Kaka ya girmi 4K, bai san da zamansa ba. Saura fayil ɗaya, na ƙarshe. Na yi bismilla na danna.

Ya buɗe! Wuri ya ɗauki kabbara. Ga lauje yana sauka a kan kara a hankali, ganye na warwatsuwa. Kaka ya gyara tabarau ya ce, "Masha Allah." Na ji kaina ya kumbura. Sai kyamara ta yi sama ta hasko layin masu yanka.

Nan na tuna ban mayar da saitin ba.

Mutum arba'in ne a gona, kowa yana motsi kamar wanda ke tafiya a cikin kunu. Mai lauje zai ɗaga hannu, ka kurɓi jabana ka ajiye finjali bai sauke ba. Wani ya ɗauko dami zai kai inda ake jinginawa, taku ɗaya, ya tsaya kamar yana tunanin duniya, sannan taku na biyu. Jirgin ba ya ɗaukar sauti, kuma safiyar ba iska, ba abin da zai nuna wa tsoho cewa hoton ne aka ja. Sai ga Kawu Sale a gindin bishiya, kofin shayi yana tafiya zuwa bakinsa kamar zai kwana a hanya.

Murmushin Kaka ya ɗauke. Ya tashi zaune ba tare da kowa ya kama shi ba.

Ya ce, "Sale. Wannan yanka ne ko jinya?"

Kawu ya ce, "Baba, ni ma ban gane ba, ai..."

"Riɗi ne fa! Riɗi! Kwana uku ya ƙara a tsaye bakinsa zai buɗe ya zube a ƙasa, tururuwa ta kwashe. Haka za ku gama min gonar? Sai wata daminar?" Ya juya. "Adamu! Shekara ashirin da ɗoriya na ba ka amana. Haka kake tsaya min a kansu in ba na nan? Kuma ku biyun kuka baro su kuka taho gari cin abinci!"

Baba Adamu ya ce a hankali, "Hajji, wallahi ba haka muke aiki ba."

"To idona ne ke ƙarya, ko na'urar?" Sai Kaka ya dubo ni. "Muhandis, na'urar nan tana ƙarya?"

Matasan da ke wurin duk sun gane abin da ya faru, sun saba gani a fim. Amma ba mai katse Kaka in ya hau, sai suka zuba min ido suna jira in yi bayani. Jimla ɗaya ce kawai. Ni na taɓa saiti, hoton ne ya rage gudu. Amma yanzun nan na gama jawabin miliyan takwas, an tafa min, ga fayil biyar sun ƙi buɗewa. Sai na ce, "A'a Kaka, na'ura ba ta ƙarya."

(Na sani. Duk abin da kuke faɗa a ranku na riga na faɗa wa kaina.)

A zuciyata ina ta roƙon Allah a ɗauke wuta. Wutar da kullum sai ta tafi da rana, ran nan ta zauna daram kamar an ɗaure ta.

Kaka ya ce a miƙo masa sandarsa, Kawu ya tayar da mota, yau a Simsim zai kwana ko da gwiwar za ta cire. Umma ta fara ba shi haƙuri. Ya ce, "Adamu, ajiye min makullina." Baba Adamu ya sunkuyar da kai ya zare igiyar daga wuyansa, ya ajiye makullin a bakin angarib. Ya kalle ni sau ɗaya, ba harara, ba komai, ya mayar da idonsa ƙasa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma kafin murya ta fito sai wata ƙanwar Umma ta ce, "La! Wane ne wancan mai fararen kaya?"

Ashe da zan sauke jirgin ban tsayar da ɗaukar hoto ba.

Ga ni nan a talabijin, jirgi yana saukowa yana fuskantata, rawani da baƙin tabarau, na ƙura wa waya ido ina cije leɓe kamar mai tuƙa jirgin alhazai. Ina ja da baya, a hankali. Dunduniya ta shiga tsaga, a hankali. Bakina ya fara buɗewa, ya yi ta buɗewa, ban san bakin mutum yana da faɗi haka ba. Hannu ɗaya ya tashi yana laluben abin kamawa a iska. Tabarau ya bar fuskata ya kama hanyarsa. Rawani ya warware yana bin iska kamar tutar makaranta. Jallabiya ta kumbura ta rufe min fuska, ƙafafuna suka tashi sama ɗaya bayan ɗaya, takalmi guda ya fice yana juyi, yana juyi, ya ƙi faɗowa. Sannan na sauka a kan damin riɗi, ƙura ta tashi a natse. Faɗuwar da na yi cikin ƙiftawar ido, sai da kowa ya ƙoshi da kallonta, kuma tas ta fito, 1080 ɗin da na raina bai ɓoye komai ba.

Ba wanda ya yi dariya tukuna, ana tsoron Kaka. Na ji Umma tana wani irin tari a cikin mayafi.

Kaka ya ce, "Mayar baya."

Na mayar. Aka sake kallo.

Ya ce, "Na ga mutum ya faɗo daga kan raƙumi. Na ga mutum ya faɗo daga kan lori. Ban taɓa ganin wanda ƙasa ta tsaya tana jiransa ba. Kai, ɗan nan, me ka yi wa hoton?"

Na faɗa masa komai. Saitin da Muntasir ya yi, da yadda na canza, da ɗari da ashirin, da cewa duk abin da ya gani sau huɗu ya fi haka sauri a gaske.

Ya ce, "Wato da na tambaye ka, ka sani?"

Na ce, "Na sani, Kaka."

Ya ɗauki makullin da hannu biyu ya miƙa wa Baba Adamu ya ce, "Adamu, na zalunce ka a gaban mutane, a gaban mutane nake roƙonka. Ka yafe min." Wannan ta fi min faɗuwar ciwo nesa ba kusa ba. Na rarrafa na durƙusa gaban Baba Adamu ni ma na ba shi haƙuri, na ba Kawu.

Baba Adamu ya mayar da igiyarsa wuya, ya gyara ta, sannan ya ce, "Ba komai, Hajji. Ni dai na ce masa ban ga komai ba. Yanzu kam na gani, har sau biyu."

Nan rumfar ta fashe. Kawu Sale ya kwanta a kan tabarma yana buga ƙasa. Umma ta zubar da jabana. Kaka ya yi dariya har sai da aka cire masa tabarau aka goge masa ido, yana nuna talabijin da sanda yana cewa, "Takalmin! Ku dubi takalmin!" Sau shida aka kalla kafin la'asar, ni ne kuma mai riƙe da rimot.

Washegari na kai wa Muntasir jakarsa da filashar. Bai ce min "ai na faɗa maka" ba, sai dai ya nemi kwafin faɗuwar a matsayin ladan aikinsa. Ya rage fayilolin 4K ɗin zuwa 1080 a kwamfutarsa, na koma gidan Kaka da hantsi, ba taro, daga ni sai shi. Wannan karon ya buɗe. Gonar ta baje a gabansa, masu yanka suna tafiya da saurinsu na gaske, lauje na walƙiya. Can ya nuna wata bishiya a kusurwar gabas ya ce ita kaɗai ya bari lokacin da yake sharar dajin, don a gindinta ya fara kafa bukka. Ya nuna tafkin ya ce rani biyu suka yi suna haƙarsa. Ya sa na tsayar da hoton a inda gonar ta cika fuskar talabijin, ya yi ta kallo. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Na gani." Na ji wani daɗi ya ratsa ni, har na fara gyara zama. Sai ya ce, "To, sa min na faɗuwar."

Tun daga ranar, duk abin da na ɗauka, ko hoton akuya ne, sai na shiga ɗaki na turo ƙofa na kalle shi ni kaɗai har ƙarshe kafin in gayyaci kowa. In kuma kuskurena ya hau kan wani, ba na jira a tambaye ni sau biyu, da gudu nake amsawa. Na gwada amsawa a hankali sau ɗaya, sai da dangi kaf suka haddace tafin takalmina.